Tukwanen Tabawa da Ƙanƙarar Kudu

A wancan zamani ba a kunna babbar wuta a Dawakin Tofa sai rediyo ya sanar cewa ƙanƙarar tekun kudu ta kama. Idan ta kama, ruwan sanyi yakan nutse da hayaƙin duniya can ƙasa, ya riƙe shi shekaru aru-aru. A shekarar nan, sanarwar ta makara da kwana goma sha tara, kuma har yanzu ba ta zo ba.

Tabawa maginiya tana da ɗanyun tukwane tamanin a fili suna jiran gashi, ga hadari ya haɗo daga gabas.

"Yaya, kunna karan nan," in ji ƙanwarta Lantana. "Tekun da ko a mafarki ba ki gan shi ba, shi zai kai ki ƙara?"

"Da mai kai ƙara ne ai da na kunna," in ji Tabawa. "Tun kakanninmu yake haɗiye ƙazantarmu bai ce uffan ba. Wanda ya ɗaukar maka kaya, ba ka ƙara masa ranar da ya gaza."

"To, sai ki dafa tuwo a cikin wa'azi."

Suka kwashe abin da ɗaki zai ci, ashirin da biyu. Ruwa ya sauko a kan sauran, bakunansu suka fara zubewa. Masu gajeren tunani za su ce wauta ce; kunya ce, kuma ta yi ƙaranci.

Da aka ɗauke ruwa, Tabawa ta tattare zani, ta shiga lakar tukwanen da suka narke da ƙafa, ta fara cuɗawa.