Baƙon da Ya Zo Duba Asibiti

Fentin ƙofar ɗakin haihuwa bai gama bushewa ba saƙo ya faɗo wayar Injiniya Miskal: wani jami'i daga Amman, babban birnin ƙasarmu Jodan, yana kan hanya, zai duba ginin asibitin.

Saƙon ya fito ne daga sabon tsarin kwamfuta da aka ƙaddamar bara da dogayen jawabai, wanda aka ce zai tara bayanan ayyukan gwamnati wuri guda don kowa ya san abin da kowa ke yi. Ya tara su kuwa. Sai dai kowane ofishi shafinsa kaɗai yake iya buɗewa, lambar shiga kuma ana ɓoyonta kamar gwal ɗin amarya. Saƙon bai faɗi sunan jami'in ba, bai faɗi ofishinsa ba. Miskal bai damu ba, don wa zai zo duba sabon asibiti in ba mai sa hannun karɓar aiki ba?

Wannan sa hannun shi ne komai a wurinsa. Garinmu ya gaji da kai mata masu naƙuda har birnin Ma'an a bayan motar tumaki. Miskal kuwa ɗan gari ne, a gaban dattawa ya kama gashin bakinsa ya rantse asibiti zai buɗe kafin sanyi. A nan, wanda ya yi irin wannan rantsuwa ya saɓa, gara ya aske ya bar gari.

Baƙon ya iso da hantsi, wani siririn mutum mai suna Ustaz Mamduh, sanye da hular kwano duk lotsa. Ya juya motarsa ta fuskanci hanyar da ya fito, ya bar mabuɗi a jiki. Da ya hangi taron maza a bakin ƙofa sai ya ja ya tsaya, ya ƙara danna hular.

Abu Sakar, ɗan kwangilar aikin kuma kawun Miskal, ya rungume shi ya sumbaci kumatunsa biyu.

"Marhaba da babban baƙo! Gida naka ne!"

"Kun san da zuwana?"

"Tun safe muke zuba ido!"

"Kuma babu damuwa?"

"Damuwar me? Kai, ku kawo gahawa!"

A wurinmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. A ba shi gahawa, a ciyar da shi, in ya ga dama ya faɗa da bakinsa. Miskal ya yi karatu mai zurfi, amma karatun bai kai ya sa shi zubar da mutuncin gidansu ba.

Suka zaga da shi. Bai kalli tayil ba, bai murɗa famfo ba, ko fitila ɗaya bai kunna ba. Ginshiƙai ya riƙa ƙwanƙwasawa da 'yar guduma yana kasa kunne, sannan ya tambayi kaurin rodin da ke ciki.

"Rodi?" in ji Abu Sakar yana buga ƙirji. "Na zuba har na wuce ƙa'ida. Wallahi girgizar ƙasa sai dai ta gaishe shi ta wuce."

Ustaz Mamduh ya yi ajiyar zuciya.

Ya tambaya ko tagogin da kusoshi aka ɗaure su ko siminti ya ci su. Ya nemi a nuna masa inda ake katse wutar lantarki da ruwan famfo na ginin gaba ɗaya. Ya auna faɗin ƙofar shiga da ƙafa. Ɗakin haihuwa, wanda Miskal ya zaɓi launin bangonsa da kansa, leƙawa kawai ya yi ya fito.

"Kawu, bai duba ɗakin ba," Miskal ya raɗa.

"Rufa mana baki, ɗana. Manya ba sa kallon fenti."

A bayan ginin baƙon ya daɗe tsaye. Akwai wasu turakun ƙarfe masu jan kai da suka gangaro a jere daga tudu, waɗanda muka wayi gari muka gani wata bazara, ba mu kuma tambaya ba. A jikin na ƙarshe an ɗaure wani ƙosasshen rago.

"Wa ya ɗaure dabba a nan?"

"Naka ne, Ustaz," in ji Abu Sakar, ya yi wa mahauci inkiya.

Bayan azahar aka shigo da farantin mansaf, abincinmu na karrama baƙo: shinkafa tuli, nama a sama, miyar nono tana tururi. Aka ajiye kan ragon a gaban baƙo. Muka tsaya muna dunƙula loma da hannun dama, Abu Sakar yana tura masa tsoka mafi laushi. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya yawaita wa gwamnati ma'aikata irinsa. Ustaz Mamduh ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Muka ce barkono ne, ko da yake ba a sa ba.

Ya sha gahawa, ya kaɗa finjali alamar ya ƙoshi. Duk garin ya raka shi mota. Miskal ya cije, ya cije, haƙurinsa ya ƙare, amma ko a nan ta gefe ya bi.

"Ustaz, da fatan aikin ya yi?"

"Ya yi, Injiniya. Ya yi har ya so ya yi yawa."

Ya kama hannun Miskal da hannu biyu don tsabar godiya.

"Allah ya saka muku. Tun da ofishin hanyoyi ya ɗauke ni aikin rusau, jifa da zagi kawai na sani. Ban taɓa ganin garin da babbar hanya za ta ratsa ta tsakiyar sabon asibitinsu, su yanka wa mai rushe shi rago ba."