Fuskar Sarkin Mita

Layin ƙarshe da Mai-zane ya ja shi ne na gira ɗaya, wadda ta ɗage sama kamar za ta bar fuskar. Ya ajiye alƙalami, ya miƙe, ya kama rawa shi kaɗai har ya yi ƙwallo da kwandon shara. Shafi ɗari da ashirin! Shekara uku! Ya buɗe taga ya sanar da tattabarun rufin maƙwabta cewa littafi ya ƙare, sannan ya juyo ya tsine wa kujerar da ta karya masa baya, da tawadar da ba ta bushewa sai ta ga dama.

Matarsa ta jiyo dirin ƙafa, ta hawo da shayi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Shayi ne wannan ko ruwan wanke kofi?"

"Kash," in ji ta. "Ga shi littafi ya riga ya ƙare."

Bai ma ji ta ba, yana can yana sumbatar takarda.

Littafin labari ne cikin zane, na wani tsoho, Sarkin Mita, wanda in an yi rana ya ce ta yi yawa, in an yi ruwa ya ce an jiƙa masa takalmi. Ga kuma sirrin da ke sa Mai-zane dariya, yake kuma ba shi tsoro: tsohon nan surukinsa ne, Baba, uban matarsa. Hular Baba ce, tabaraun Baba ne ɗaure da zare, har sandarsa mai lanƙwasasshen kai.

Fuskar ce ta ba shi wuya. Wa ya isa ya ƙura wa surukinsa ido? Ko gaisuwa kansa a sunkuye yake yi. Sai ya yi abin da masu zane suka saba: ya jingina madubi a kan tebur, ya riƙa ɗaure fuska yana kumbura baki yadda yake zaton Baba na yi, hannu na bin abin da ido ya gani.

Maganganun tsohon kuwa matarsa ce ta ɗauke masa. Ran da ya ce mata zai zana mutumin da ya fi kowa mita, bai faɗi wanda yake nufi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Dariya kawai ta yi har ta zauna a ƙasa. Washegari ta sayo ɗan littafin rubutu, kullum sai ta miƙo masa sabuwar mita.

"Daga bakin mai ita na kwaso, da ɗuminta," haka take cewa.

Ya yi mamakin 'yar da ke tona wa ubanta asiri haka, amma kaya sun yi kyau, bai tsaya bincike ba. Ko mai ɗab'i, da ya ga shafukan farko, ya dubi takarda, ya dube shi, ya ce, "Gaskiya kana da ƙarfin hali. Ni ba zan iya ba." Ranar Mai-zane ya dawo gida yana tafiyar ƙasaita.

To, yau ƙarfin halin ya zo gwaji. Ɗakin da yake zane a ciki na Baba ne, a saman shagonsa na ɗinki, kuma kyauta ya ba shi, bisa sharaɗi ɗaya: in littafi ya kammala, shi zai fara karanta shi kaf. In Baba ya gane kansa, ɗaki ya tafi, mutunci ya bi shi, a gida kuma sai abin da hali ya yi. Mai-zane ya yi tunanin goge hular. Ya tuna ta fito sau ɗari huɗu.

Ya rungumi takardu ya sauko, murna na tura shi, tsoro na jan rigarsa, yana mitar wanda ya gina matakala ba tsayi ɗaya ba. Matarsa na biye, tana cizon leɓe.

Baba ya tsayar da keken ɗinki, ya gyara tabarau, ya buɗe. Shafi na ɗaya, shiru. Na uku, shiru. A na bakwai kafaɗun tsohon suka fara rawa. A na goma dariya ta ƙwace masa, ya bugi tebur har ƙwaryar zare ta gangara ƙasa. Ya yafito sauran teloli, suka bar aiki suka kewaye shi. Kowa ya leƙa takarda sai ya ɗago ya dubi Mai-zane ya sake fashewa.

Daɗi ya kashe Mai-zane. Baba bai gane ba! Ga hularsa a kansa, ga ta a takarda, amma bai gane ba! Ya shiga dariyar shi ma, ya fi kowa ƙarfi, har ya manta gaban wa yake ya tafa da babban tela. Sai da ya nitsa ya lura an bar fanka a kashe. Ya ɗage gira ɗaya, ya ce ai shagon nan zafinsa ya isa gasa mutum. Teloli suka zube ƙasa, matarsa ta dafa bango.

Baba ya cire tabarau ya share hawaye.

"Hula tawa ce, sanda tawa ce, na yafe aron," in ji shi. "Amma ɗana, ina ka samo zuciyar zana kanka haka, ko gira ɗaya ba ka rage ba?"