Kwanson Harsashin Kaka

Wata la'asar a gidanmu na unguwar Mansur a Makka, na tsinci tsohon kwanson harsashi zan jefa a shara. Kaka ya cafke hannuna.

"Yalla, maza shinshina."

Har lokacin akwai ɗan warin albarushi.

"Na libarba ne, ƙaramar bindigar da ta rako mu daga Chadi. Harsashinta ya ɓace a kasuwa, sai na riƙa narka darma ina sake cika wannan da hannuna. Bindigar na bari a hanya, ba a shigowa Makka da makami. Wannan kuwa ba ya shiga shara."

Yau kwanson yana aljihuna. 'Ya'yana da Larabci suke amsa mini, ni kuwa Hausa nake yi musu, kuma wallahi ba zan daina ba.