Rigar Ruwa Iri Ɗaya

Tun kafin jirgin ruwa ya bar gaɓar tsibirin Bonaire, Harmen ya yanke hukunci: matar nan da ke zaune kusa da shi, sai ya aure ta. Ya ba saba'in baya, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma zuciya ba ruwanta da shekaru.

Rigar ruwa ce ta fara jan hankalinsa. Rana na dukan kowa, 'yan yawon buɗe ido sun shafe jiki da mai, amma mutum biyu kaɗai suka ɗauro rigar ruwa a ƙugu, don mutumin Holan ko aljanna za shi sai da shirin ruwan sama. Tasa ja ce mai ratsin toka. Tata ma haka, har zif ɗin iri ɗaya.

"Baiwar Allah, kin ga abin mamaki?" ya ce, yana nuna rigunan.

"Na gani," in ji ta. "Sunana Aukje. Sa hularka, sanƙon nan ya fara nuna."

Shi ke nan, ta gama da shi! A tsibiri na farko ya yi ta nuna mata kunkuran ruwa kamar shi ya ƙyanƙyashe su. A na biyu ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kwaikwayon jajayen tsuntsayen bakin tafkin gishiri, har ya kifa cikin yashi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta karkaɗe masa wando.

Da tsakar rana ta fito da burodi da cukun gida, ta yanke ɓawon gefen ta miƙa masa tsakiyar. Harmen ya tsani ɓawon burodi tun yana yaro. Murna ta kusa jefa shi teku.

A nan ne ya hango zobe a yatsarta.

"Kina da miji?"

"Ina da shi."

"Yana ina?"

"Wani lokaci kusa, wani lokaci nesa ƙwarai."

"Sakarai ne," in ji Harmen. "Wa ke barin mace irinki ita kaɗai a jirgi?"

Ta kau da kai tana goge ido, ta ce iskar teku ce.

Yamma ta yi, jirgi ya juya zuwa Bonaire. Ya ji ana cewa gobe za a koma Holan. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske: in suka sauka, za ta ɓace cikin taro, shi kuwa kwanan nan fuskoki ba sa zama a kansa. Da miji ko ba miji, yanzu ne ko babu.

Ya dafa benci ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙas.

"Aukje, rabu da sakaran nan ki aure ni. Dubi rigunanmu, ai Allah ne ya haɗa!"

Ta kama hannunsa, inda wani zoben ke ƙyalli, tana dariya hawaye na zuba.

"Na yarda, ɗan tsoho. Jiya ma na yarda, kamar yadda na yarda shekara arba'in da suka wuce. Tashi, sakaran mijina, kai ka sayo mana rigunan nan."