Ragon Wani Bawan Allah

Ka ce in gaya maka wanda ake kira bawan Allah? Ai kuwa ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi! Kalmar nan baki biyu gare ta. Akan faɗe ta ga mai tsoron Allah, wanda ko ƙuda ba ya cuta. Akan kuma faɗe ta ga mutumin da ba a san sunansa ba, ko wanda ba a so a kama sunansa. To, gyara zama ka ji yadda ta yi wasa da wani manomin albasa.

Mutumin nan ba mugu ba ne, sai dai saurin hawa, ga riƙo. Wata shekara akuyar maƙwabcinsa ta shiga ta cinye masa irin albasa, magana ƙarama ta zama gaba, ko sallama suka daina yi. Har doka ya kafa a gidansa, kada wanda ya kuskura ya ambaci sunan mutumin. Ana nan, cikin marka, ya kai albasa kasuwar wani gari, ruwa ya tsare shi can. Da ya dawo da hantsi sai ya tarar ɗakin tsohuwarsa ya zama tsibin ƙasa. Sai ga matarsa ta fito a guje tana cewa Inna na nan da ranta, har ta sha kunu. Ta ce wani ne ya haura katanga cikin ruwan, ya tono ta da hannuwansa tun kafin jama'a su iso da fartanya. Ya ce wane ne? Matar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Wani bawan Allah ne."

Kai, zo ka ga murna! Ya faɗa ɗaki ya ga uwarsa, ya fito yana kuka yana dariya, ya rasa inda zai sa kansa. Shi a kunnensa ba "wani mutum" aka ce ba, waliyyi aka ce. Wa zai ji kukan tsohuwa a ƙarƙashin ƙasa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, in ba wanda Allah ya buɗe wa ido ba? Nan take ya kwance ragon da yake kiwo don layya, ya tsaya a gaban jama'a ya yi rantsuwa: wallahi ba zai sa komai a bakinsa ba sai ya durƙusa a gaban wannan bawan Allah, ya danƙa masa igiyar ragon nan hannu da hannu. Mutane suka dubi juna, ba wanda ya ce uffan, domin mai aikin ya roƙe su kada a faɗa. Gogan naka bai lura ba, tuni ya ja rago ya yi gaba. Ya fara da liman, liman ya yi hamdala ya ce ba shi ba ne. Ya je wurin wani malami da ba ya wasa da azumin Litinin da Alhamis, malamin ya ce ko labari bai ji ba. Ya sami wani tsoho da ba ya rabuwa da masallaci, tsohon ya nuna masa sandarsa, ya ce shi da dakalin ƙofar gida ma sai an kama shi yake hawa, ina shi ina katanga? Duk mai dogon carbi a garin nan sai da ya sha tambaya. Duk inda ya hangi farin rawani sai ya ce yauwa, ga shi nan! Rago na turjewa, shi yana ja, yunwa na murɗa masa ciki, rantsuwa na wuyansa.

Bayan la'asar ya juyo gida, leɓe a bushe. Da ya zo daidai ƙofar maƙwabcin sai ya kawar da kai kamar yadda ya saba. Shi kuwa rago ba ruwansa da gaba. Ya hangi damin harawa a jingine, ya fizge igiya, ya yi ciki. Maƙwabcin yana zaune a zaure, ya miƙa hannu zai kama masa, igiyar ta zame, ya kasa riƙewa. Manomi ya waiga da niyyar masifa, sai idonsa ya sauka a kan hannuwan. Duka biyun a naɗe suke da tsumma, jini ya rine shi, inda yatsu suka leƙo kuwa babu farce ko ɗaya. Sai a lokacin ya tuna da dokarsa, ya gane abin da ya hana matarsa kama suna. Kunya ta lulluɓe shi. Ga rantsuwa, ga mutumin da ya yi shekaru bai ko dube shi ba. Unguwa ta taru ana kallo. Ya ɗauki igiyar daga ƙasa, ya zube a kan gwiwoyinsa, ya buɗe baki ya kira sunan nan da ya haramta, hawaye na zuba. Maƙwabcin ya kasa karɓar igiyar, ya kasa ɗaga shi, hannun ba hali. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Haba, tashi mana. Yaya jikin Inna?"

Ka ga matar nan ta faɗi kalmar ne don ta ɓoye suna, ashe ta faɗi gaskiyar mutumin gaba ɗaya. Mijin ya karaɗe gari yana dubawa a rawani da carbi, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ya sa Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.