Tsohuwar da Ba Ta Kiran Sunan Zayyanu

Tsohuwar ta sake juya wa hoton Zayyanu baya, Raihana kuwa ta ji ranta ya ɓaci.

Raihana ce ke kula da gidan marigayi Zayyanu, mawaƙin noma na Rimawa, tun da aka mayar da shi gidan tarihi. Ita ta tattara kasa-kasan waƙoƙinsa da gangunansa, ta ɗauki hirar 'yan amshinsa da ta dangin ubansa, waɗanda suka ba da gidan. Ko yanzu da cikin fari ya yi mata nauyi, ba ta fashin aiki.

Kowa ya shigo sai ya yi wa Zayyanu addu'a, ban da wannan tsohuwa. Duk ranar kasuwa mai babur ke sauke ta daga Giyawa. Sai ta zauna a ɗakin saurare, ta ƙura wa ƙasa ido har waƙa ta ƙare. In an yabe shi, ta ɗauke kai. In ta kama dole, sai ta ce “wancan”.

Yau kuwa a gaban ɗaliban da suka zo bincike ta yi. Raihana na nuna musu ɗakin da aka haife shi, sai muryar tsohuwar ta fito daga baya.

“Ba nan anka haihe shi ba.”

Ɗaliban suka dubi juna, wani ya fara rubutawa. Raihana ta ji aikinta na shekaru yana zubewa a bakin baƙuwa.

“Inna, wai mi ya yi maki? Ba ki duban hotonai, ba ki yi mai addu'a, yanzu kuma ki ƙaryata mu? Yana da suna! Ki hwaɗe shi, ko ki fita, kada ki ƙara dawowa.”

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta sa takalmanta. A bakin zaure ta tsaya, ta dubi cikin Raihana.

“Allah shi sauke ki lahiya, ɗiyata. Ran da kinka iya kiran sunan ɗanki na hwari cikin mutane, ki aiko mani. Ni ma sai in kira nawa.”