Rediyon da Ba Ya Son Kuka

Tun da kamfani ya fito da rediyon nan mai kallon fuskar mai shi, kiɗan kowane gida ya koma na shagali. Ka ɓata rai, ya canja maka waƙa.

Inna Tasalla kuwa waƙa ɗaya take so, wadda 'yarta Uwale ta rera kafin ta rasu. Da an fara, idonta ya kawo ruwa, sai rediyo ya katse ya saka kalangu. Shekara biyu ba ta ji ƙarshenta ba.

Ta kai shi shago.

"Inna, lafiyarsa ƙalau," in ji mai shagon. "Kamfani ne ba ya son mai sayen kayansa ya yi kuka."

"Ɗan nan, ni na saye shi ko shi ya saye ni?"

Ta dawo ta miƙa wa Ladidi, sabuwar maƙwabciyarta da ba ta san Uwale ba. "Kunna, ki ƙure sauti. Ina bayan katanga."

Waƙa ta yi nisa, har ta wuce inda ta saba yankewa. Sai Ladidi ta jiyo shessheƙar tsohuwa, ita ma idonta ya cika.

Kalangu ya tashi.